Farfesan Kantin Kwari

A Kantin Kwari, babbar kasuwar tufafi ta Kano, an yi wani dattijo mai sayar da atamfa da shadda da leshi a kan sari. Bai yi boko ba, amma Allah ya hore masa kan lissafi da riƙon amana, har abokan cinikinsa suka kai Legas da Anacha da Fatakwal. Abu guda ke ci masa tuwo a ƙwarya. Yawancin mutanen nan ba sa jin Hausa, shi kuwa Turancinsa bai wuce na gaisuwa da faɗin farashi ba. Saboda haka da ɗan ƙanensa ya gama sakandare yana zaman jiran jami'a, sai ya ce a turo masa shi shago ya riƙa amsa waya.

Saurayin nan ya yi suna a unguwarsu da Turanci. Yana da wani littafin rubutu da ya cika da manyan kalmomi da ya kwafo daga ƙamus, kowace da fassara guda a gefenta. Da asuba in ya idar da salla ya haddace goma, da yamma ya je majalisa ya zazzage wa abokai. Inda kowa zai ce “but”, shi sai ya ce “notwithstanding”. Inda za a ce mutum “kind” ne, sai ya ce “magnanimous”. Bai taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu a bakin wani ba. Yadda idonsa ya ga haruffa, haka harshensa ke karanto su. Bai daɗe a kasuwa ba yaran layin suka laƙaba masa Farfesa, shi kuma ya karɓi sunan da hannu bibbiyu.

Akwai wani yaron shago da ake kira Auta, wanda ya bar makaranta tun yana firamare. Kafin zuwan Farfesa shi ke lallaɓa wayar. Turancinsa a kakkarye yake, “please” ma sai ta fito da f a bakinsa, kuma yakan sa mai magana ya maimaita abu sau uku. Duk lokacin da ya buɗe baki, Farfesa sai ya kwaikwaye shi a gaban 'yan dako a yi ta dariya. Tun Auta yana murmushin yaƙe, har ya daina Turanci gaba ɗaya in Farfesa yana kusa.

Ana gab da Kirsimeti, lokacin da 'yan kasuwar Kudu ke yawan sayayya, wata mata da ta shekara da shekaru tana ciniki da dattijon ta kira daga Fatakwal. An tura mata hoton wata sabuwar atamfa mai sauƙin kuɗi, ta kuma yi mata. Ta tambayi Farfesa ko launin atamfar “fast” ne. A littafinsa “fast” sauri ce, babu wata. Ya ɗauka tana tambayar ko kayan za su iso da wuri, ya ce mata ƙwarai kuwa, “very fast”. Sai ta faɗi adadin turmin da take so. A daidai lokacin janareton maƙwabta yana ruri, wani ɗan dako yana ihun a ba shi hanya. Farfesa ya ji farkon kalmar, “fif”, amma hayaniya ta haɗiye ƙarshenta.

Ya san bai ji ba. Ya ɗaga kai ya ga baffansa yana kallonsa cike da alfahari, Auta kuma yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ji in ya ce ta sake faɗa, ya zama ɗaya da yaron da yake yi wa dariya. Sai ya ce mata babu damuwa, ya kashe waya, ya juya ya ce, “Baffa, turmi 50 take so.”

Dattijo ya ɗan yi jim, don matar ba ta saba ɗaukar da yawa haka ba. Amma ya ce a ransa lokacin biki ne, kuma ai wanda ya ji Turanci ne ya faɗa. Aka ɗaure kaya aka kai tashar manyan motoci ta Sabon Gari, a kan sai sun isa ta turo kuɗi kamar yadda suka saba.

Bayan 'yan kwanaki waya ta yi ƙara. Matar ce, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Turmi 15 ta ce, an turo mata 50, ina za ta kai sauran 35? Sannan ta yanki ƙyalle ta jiƙa a ruwa don gwaji, ruwan ya rine nan take, alhali an tabbatar mata launin ba ya zuba. Ta ce ba ta taɓa zaton Alhaji zai yi mata haka ba. Aka dawo da kaya, kuɗin mota zuwa da dawowa duk a wuyan dattijo, wasu turamen sun ɓaci a hanya, kafin su iso kuma kasuwar bikin ta tashi.

Da dare dattijo ya kira shi zaure. Farfesa ya durƙusa, jikinsa duk ya yi sanyi, yana jiran faɗa. Baffan bai ɗaga murya ba.

“Kuɗi ana samu ana rasawa, ɗana,” in ji shi. “Abin da ya hana ni cin abinci shi ne yau a Fatakwal akwai mai ganina maƙaryaci. Ni na san atamfar nan tana zuba, farashinta ma ya nuna. Da ni ta tambaya da Hausa, da na gaya mata. Ka ji abin da ta ce kuwa, ko ba ka ji ba?”

Ya daɗe kansa a sunkuye kafin ya ce, “Ban ji sosai ba, Baffa.”

“To me ya hana ka tambaya?”

Bai sami amsa ba. Dattijo ya ce daga gobe, in an tashi kasuwa, ya riƙa biyawa gidan Yaya.

Yayar dattijon, wato gwaggon Farfesa, ta yi shekara 35 tana koyar da Turanci a makarantun 'yan mata kafin ta yi ritaya. Da ya je ya gaishe ta, ta karɓi littafin nasa ta jujjuya, ta ajiye ba ta ce komai ba. Ta yagi takarda ta rubuta kalma guda da Hausa, “gari”, ta ce ya karanta.

Ya buɗe baki, sai ya tsaya. “Gwaggo, wanne? Na mutane ko na tuwo?”

“Madalla. Haruffa huɗu ne, iri ɗaya. A ɗaya ka taƙaita wasalin farko, a ɗaya ka ja shi. Wa ya koya maka? A takarda ka gani?”

“A'a, a bakin mutane na ji.”

Ta sake rubuta “wuya”, ta ce ya faɗi ta jiki da ta wahala. Ya faɗa, ya ji da kunnensa yadda murya ta sauka a ɗaya ta hau a ɗayar. Ta ce masa rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa Bature Bargery, da ya fitar da ƙamusunsa na Hausa a 1934, sai da ya yi wa kalmomin alamomi don 'yan'uwansa su san yadda ake faɗinsu. “In harshen da ka sha a nono bai shiga takarda duka ba,” in ji ta, “ta yaya na wasu zai shiga? Kalmar Turanci kamar karatun allo ce. Ko ka iya baƙi da wasali, ba ka darasa sai malam ya biya maka ka ji daga bakinsa.”

Daga nan ta ɗauko maganar da ta kawo shi. Ta ce in an faɗi “fifteen” ita kaɗai, gaɓar ƙarshe ake dannawa, a ja ta, a rufe da n. “Fifty” kuwa gaɓar farko ake dannawa, ƙarshen ya fita a taƙaice. Amma in suna ya biyo baya, kamar a ce “fifteen pieces”, dannawar takan dawo gaba, sai kalmomin biyu su yi kama sosai, bambancin ya rage a ɗan jan nan da n ɗin, waɗanda hayaniya kaɗan ta isa ta cinye. Haka abin yake tun daga “thirteen” da “thirty” har “nineteen” da “ninety”. Mutanen Ingila da kansu sukan tsaya a waya su tambaya ko “one five” ake nufi ko “five zero”.

“Ashe ko Bature zai iya rashin ji?” Farfesa ya tambaya.

“Sosai. Rashin jin ba laifinka ba ne. Shirun da ka yi shi ne naka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ɗan nan. Da ba ka san komai ba, da ka tambaya.”

Wannan magana ta daɗe tana yi masa yawo a ka.

Kwanakin da suka biyo baya sai ta shiga nuna masa yadda rubutun Turanci yake yaudarar ido. Haruffa 26 ne, amma sautukan da ake furtawa sun kai kimanin 44. Ta rubuta masa “though”, “through”, “tough”, “cough” da “thought”, dukansu da haruffa huɗu iri ɗaya a ciki, ta karanta masa ya ji babu biyun da wasalinsu ya zo ɗaya, biyu ma da sautin f suka ƙare. Ta ce ya karanta “receipt”. Ya karanta har da p ɗin. Ta girgiza kai ta ce baffansa da ke cewa rasit ya fi shi kusa da daidai, domin Bahaushen da ya aro kalmar da kunne ya aro ta, kuma babu p a furucinta. Haka b ɗin “debt” da na “plumber”, da k ɗin “knife”, da w ɗin “sword”, duk ana rubuta su ba a faɗinsu.

Ya tambaye ta dalilin wannan rikici. Ta ce tarihi ne. William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri guda, bakin mutane kuwa ya ci gaba da sauyawa. K ɗin “knife” a da ana furta shi, daga baya aka daina, ya rage a takarda. B ɗin “debt” kuwa masana ne suka cusa shi don kalmar ta yi kama da asalinta na Latin, ba don wani yana faɗinsa ba.

Ta ciro wani tsohon ƙamus da bangonsa ya sha ɗinki, irin wanda A. S. Hornby ya tsara musamman don baƙin harshe bayan ya koyar da Turanci a Japan, wanda Oxford ta fara bugawa a 1948. Ta nuna masa wasu baƙin alamomi da ke biye da kowace kalma, waɗanda shi kullum tsallake su yake yi. Su ne furucin. Ɗan ƙaramin layin da ke sama kuma yana nuna gaɓar da za a danna. Ta ce shi ma ya fi 'yan zamaninta gata, don ƙamus na waya yana da ɗan hoton lasifika, in ya taɓa zai ji kalmar da muryar Ingila da ta Amurka.

A nan akwai abin da ya daɗe yana damuna game da makarantunmu. A jarrabawar kammala sakandare akwai sashen furucin Turanci, amma a takarda ake amsa shi, ɗalibi ya zaɓi harafi ya shafe da fensir. Yaro yana iya cinye sashen nan bai buɗe baki ba ko sau ɗaya, malamai da yawa kuma suna koyar da shi a allo ba tare da sun sa aji ya furta ba. Farfesa ya ci wannan sashe da kyau. Bai hana shi aika turmi 50 ba.

Inda suka fi daɗewa shi ne kan p da f. Gwaggo ta ce Bahaushe ba shi da waɗannan a matsayin sautuka biyu masu bambanta ma'ana, sauti guda yake da shi da yake yi da leɓɓa biyu, shi ya sa duk abin da ya aro mai p ya mai da shi f: fensir, famfo, fenti, fasinja, fasfo. V kuma ya koma b, kamar a direba da biza da bidiyo. Babu aibu a wannan in Hausa ake yi, kowane harshe haka yake gyara baƙonsa. Matsalar sai an koma Turanci, inda “pull” da “full” abu biyu ne, “cheap” da “chief” abu biyu ne, haka “vote” da “boat”.

Ta ba shi ɗan yankin takarda ya riƙe a gaban bakinsa. Ta ce ya rufe leɓɓansa gam, ya tara iska, ya sake ta gaba ɗaya. Takardar ta yi tsalle. Wannan shi ne p. Sai ta ce ya ɗora haƙoransa na sama a kan leɓen ƙasa ya hura a hankali, iska ta riƙa fita ba yankewa. Wannan shi ne f. Ya bar haƙoran inda suke, ya ɗora yatsu a maƙogwaro, ya sa murya har ya ji yana rawa. Wannan shi ne v. Ya yi ta yi har leɓensa ya gaji, yana jin nauyin ƙananan jikokinta da ke leƙowa. Shi da yake yi wa Auta dariya, ya tarar in ya yi sauri “people” ɗinsa ma ba ta tsira ba. Da suka zo kan th kuwa abin ya zo da sauƙi, don ta tuna masa ya riga ya koye su a Islamiyya. Na “think” shi ne ث, na “this” kuma ذ, harshe tsakanin haƙora.

Sannan ma'ana. Ta buɗe masa “fast” ta sa ya karanta bayanin har ƙasa, ba layin farko kaɗai ba. Ga sauri, ga azumi, ga abin da aka ɗaure tamau, ga launin da ba ya zuba. Ta ce kalma ba ta da ma'ana guda da za a rataya mata, maƙwabtanta a jimla su ke faɗin wacce ake nufi, kuma harsuna ba sa raba abubuwa a wuri ɗaya. Bahaushe yana raba aro da rance, wato ko abin da ka karɓa shi za ka mayar ko madadinsa. Bature bai damu da wannan ba, shi abin da yake rabawa shi ne mai karɓa da mai bayarwa, “borrow” da “lend”. Mu da “ji” guda muke jin magana da wari da zafi da ɗanɗano, su kowanne da kalmarsa. Mu muna shan magani ko ƙwaya ce, su “take” suke cewa. Ta sa ya buɗe sabon littafi, kalma uku kacal a rana, daga waɗanda kasuwa ke buƙata, irin su “fade” da “shrink” da “bale” da “refund”. Kowace sai ya saurare ta, ya furta, ya rubuta ta cikin jimla, washegari kuma ya yi amfani da ita da wani mutum.

Wata rana ta ce ya zo mata da Auta. Yaron ya zo yana ɗari-ɗari, ya tsuguna can bakin ƙofa. Ta tambaye shi, lokacin da yake amsa waya, an taɓa aika kaya ba daidai ba? Ya ce bai tuna ba. Ta ce yaya yake yi?

“Hajiya, ni ban iya ba ne,” in ji shi. “In sun faɗa sai na ce su faɗi lambar ɗaya bayan ɗaya, ni ma na maimaita musu. In akwai kalmar da ban sani ba sai na ce su canza wata. In abin ya gagara na ce su turo a rubuce na kai wa mai kantin gaba.”

Gwaggo ta dubi Farfesa ba ta ƙara komai ba. Shi da kansa ya juya ya ce wa Auta ya yafe masa. Daga ranar su biyu suke zuwa.

Kafin a gama, ta sa ya nemo musu a waya jawabin da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi ranar 1 ga Oktoba, 1960. Suka saurara shiru. Ta ce su lura, kalmominsa ba masu wahala ba ne, kowace dai tana fita cikakkiya, ba gaggawa. Mutumin Bauchi ne, ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, makarantar da ta yi suna wajen horar da ɗalibai furuci, kuma da koyo ya kai inda ya kai. Ta ƙara da cewa ba ta nemi su zama mutanen Landan ba. Turancin Najeriya ma yana da matsayinsa, tunda a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga nan, har da “okada” da “danfo” da “Kannywood”. Abin da ake nema shi ne wanda kake magana da shi ya gane ka, kai ma ka tabbata ka gane shi.

Da izinin baffansa, Farfesa ya kira matar Fatakwal. Ya bayyana mata da ƙananan kalmomi cewa kuskuren nasa ne, Alhaji bai san abin da aka faɗa mata ba. Ta yi faɗanta ta huce. Bayan wani lokaci ta sake yin oda, kaɗan, don gwaji. Ya maimaita mata adadin lamba bayan lamba, ya gaya mata wace atamfa ke zuba wace ba ta zuba, ya kuma roƙe ta ta turo saƙo a rubuce. Dattijo ya riƙa cire wani abu daga ɗan abin da yake ba shi har aka rage asarar, shi kuma bai yi ƙorafi ba. Auta ya shiga makarantar yamma ta manya.

Mai karatu, in Allah ya sa ka iya Turanci, ka dubi yadda muke yi wa masu koyo a ajujuwa da majalisu da Facebook, inda ake yaɗa bidiyon wanda harshensa ya zame ana ta sheƙa dariya. Wannan dariya ita ta rufe bakin Auta, tsoronta kuma ya hana Farfesa tambaya. In ka ji ƙanenka ko yaron shagonka ya musanya p da f, ka ja shi gefe, ka ba shi yankin takarda, ka nuna masa inda zai sa leɓe.